Minti 50 a Sama, Wuni Guda a Ƙasa

Jama'a, ina son wani ya fito ya gaya mini inda lokacinmu yake tafiya tsakanin Kano da Abuja. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe, in aka bi ta sama a miƙe, kilomita 360 ne da 'yan kai. Jiragen da ake ɗibar mu da su kuwa, in sun daidaita a sama, suna cin kusan kilomita 800 a awa ɗaya. Wannan 'yar tazarar, kafin jirgi ya gama ɗagawa ya fara shirin sauka, ma'aikatan ciki ma da ƙyar suke gama raba ruwa kafin matuƙi ya ce kowa ya ɗaura bel. Minti 45, ka ce 50. Tafiyar ke nan gaba ɗayanta. To don girman Allah, yaya aka yi mutum zai bar gidansa a Kano da sassafe, riƙe da tikitin jirgin ƙarfe 9, amma sallar isha'i ta same shi a kan titin Lugbe na Abuja bai kai masauki ba?

Kada wani ya ce zuzutawa nake yi. Kai da kake karanta wannan, in ba kai aka yi wa ba, an yi wa yayanka ko ƙanwarka ko maigidanka na kasuwa. Ba ma sai mun yi musu ba, domin hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama, NCAA, ita da kanta take fitar da alƙaluma, kuma shekara da shekaru abu ɗaya suke nunawa: kusan rabin jiragen cikin gida ba sa tashi a kan lokaci, wani zubin ma fiye da rabi, ban da waɗanda aka soke ɗungurungum. Rabi fa! A ce wanda aka ɗora a kan aiki ya rubuta da hannunsa cewa rabin aikin a lalace yake, a buga a jarida, gari ya waye kowa ya koma ofis ya ci gaba da shan iska kamar ba a yi komai ba.

Mu ɗauki ranar da Allah ya taimake ka, komai ya tafi daidai. An ce ka iso awa ɗaya ko biyu kafin lokaci. Ka taso daga Hotoro ko Sharaɗa ko Kabuga, ka ratsa cunkoson Kano, rabin awa ta tafi in ka yi sa'a. Layin awon kaya, layin bincike, zaman jira. Ka hau, ka sauka, ka tsaya zuba ido ga jakarka, wadda fitowarta takan ɗauki kusan tsawon tafiyar kanta. Sannan filin jirgin Abuja ai ba cikin Abuja yake ba, kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar gari, in kuwa Nyanya ko Mararaba ka nufa da yamma, sai dai addu'a. Haɗa duka ka gani. Awa 4, wani lokacin 5. A rana mai kyau ke nan. Da can, lokacin da hanya take hanya, direban kirki yakan ɗauke ka daga Kano ya dire ka Abuja a awa 5 zuwa 6. Ashe duk maƙudan kuɗin nan awa ɗaya ko biyu suka saya maka, kuma jinkirin awa 2 kacal ya lashe ta. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne agogo biyu da suke aiki da su, ɗaya namu, ɗaya nasu. Ka makara da minti 5, wallahi ko jirgin yana nan a tsaye kana hangen sa ta taga, ko ma bai iso daga Legas ba, za a ce maka an rufe kanta. Ka yi magiya, ka ce motar da ta kawo ka ce ta lalace a hanya, ka nuna takardar asibiti, ba mai saurarenka. A ci ka tarar rashin zuwa, a ƙara maka cikon kuɗin sabon tikiti, a ce ka dawo gobe. An koya maka darajar lokaci. To su fa? Su su makara da awa 6, ba tara, ba ciko, ba ko wanda zai fito ya tsaya gabanka ya dubi idonka. Minti 5 naka laifi ne mai tara, awa 6 nasu kuwa ƙaddara ce da za ka rungume. Wace irin shari'a ce wannan?

Sai ka ji lasifika ta yi ƙara, wata murya da ba ka ganin mai ita ta ce an ɗage tashin jirgin Abuja saboda dalilai na aiki, ana ba da haƙuri. Wane aikin? Injin ne ya samu matsala? Mai ne babu? Matuƙi ne bai zo ba? Jirgin ma yana ƙasar nan kuwa? Ba amsa. A ce minti 40, minti 40 ya cika a ƙara awa ɗaya, awa ɗaya ta cika lasifika ta yi gum. Ka je kanta ka tarar ma'aikatan sun sulale, an bar yarinya ɗaya da ita ma ba ta san komai ba, ita ce za ta sha zagin mutum ɗari. Da ɗai-ɗai ake gutsura maka jinkirin, don kada ka san gaskiya da wuri ka nemi kuɗinka ka kama wata hanya. Da tun ƙarfe 9 an ce maka sai magariba, ai da ka san abin yi. Amma a'a, sai an riƙe ka har rana ta yi nisa, har shiga mota ya zama kasada, sannan a faɗa maka. Wani lokacin kuma da tsakar dare saƙo zai shigo wayarka kana barci, wai an dawo da jirginka na yamma zuwa safiya, in ba ka gani ba kai ka sani, kuma kai za a ci tara.

Ni wallahi a wannan fanni na fi ganin girman ɗan kamasho na tasha. Ka je tashar mota ka tambaye shi yaushe za a tashi, zai ce maka sai mota ta cika. Bai rubuta maka ƙarfe kaza da minti kaza a takarda ba, bai karɓi kuɗinka tun mako biyu da suka wuce ba, kana ganin motar da idonka, kana ƙirga kujerun da suka rage, in ka gaji ka sauke jakarka ka koma wata. Fasinjojin jirgi sun daɗe suna zargin cewa abin da ake yi musu ke nan a ɓoye: na safe bai cika ba, na rana bai cika ba, sai a haɗe su a yi lodi ɗaya da yamma. In ba haka ba ne, kamfanoni su fito da takardunsu su ƙaryata. In kuwa haka ne, to a daina rubuta lokaci a tikiti, a rubuta sai ya cika, mu san da wa muke ciniki.

Na san abin da masu kamfanonin za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Jiragen da ke tashi a ƙasar nan ba su da yawa. Jirgi ɗaya ne zai tashi daga Legas da safe ya je Abuja, ya wuce Kano, ya dawo Abuja, ya leƙa Yola ko Maiduguri, ya koma Legas ya kwana. In ya yi tuntuɓe da safe, ko tsuntsu ya faɗa injinsa, ko aka tsaya jiran motar mai, to duk wanda ke layin ranar ya shiga uku, kuma jinkirin ƙaruwa yake yi daga zango zuwa zango, shi ya sa na yamma ya fi kowa shan wuya. Babban gyaran jirgi galibi sai an kai shi waje, da dala ake biya, kayan gyara da dala, haya da inshora da dala, tikiti kuwa da Naira, kuma kowa ya san abin da ya samu Naira tun daga Yunin 2023. Man jirgi ma ba a magana. A Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin har barazanar ajiye jirage ta yi, tana cewa lita ta tashi daga Naira 190 zuwa 700. Duk na ji. Amma wa ya tilasta wa mai jirgi 3 ya sayar da tikitin aikin jirgi 6? Kai ka san ƙarfinka, ka san ba ka da jirgin ko-ta-kwana ko ɗaya, amma ka cika jadawali tun daga asuba har dare, ka karɓe kuɗin mutane, sannan ka dawo kana kuka da dala. Dala ce ta rubuta jadawalin?

Sai hazo. Duk shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, kuma duk shekara sai a yi kamar yau aka fara ganin sa. Tun kafin a haifi kakanninmu iskar hunturu take kwaso ƙura daga hamada. Ba baƙuwa ba ce. Ƙasashen da ƙanƙara da hazon sanyi ke rufewa wata da watanni jirage suna sauka a cikinsu, domin an kafa na'urorin da ke jagorantar jirgi har ya taɓa ƙasa ko matuƙi ba ya gani sosai, ana kula da su, an horar da matuƙa a kansu. Ba wanda ya ce matuƙi ya yi kasada da rayukan mutane, Allah ya kiyaye, in bai ga hanya ba gara ya juya. Tambayar ita ce, kuɗin harajin da ake caje mu a cikin kowane tikiti, da sunan hukuma kaza da hukuma kaza, ina suke zuwa? Ga kuma filaye da yawa a ƙasar nan da rana na faɗuwa an rufe su, saboda babu fitilun titin sauka ko babu ma'aikatan dare. Jirginka ya makara da yamma, magariba ta yi, shi ke nan, sai gobe. Fitila ce fa. Fitila!

Akwai kuma jinkirin da kowa ya sani, kowa ya taɓa ji, wanda ake kira zirga-zirgar manyan mutane. Babban mutum zai tashi ko zai sauka, sai a tsayar da kowa. Waɗanda ke ƙasa su zauna cikin jirgi ƙofa a rufe, zafi yana dafa jarirai, waɗanda ke sama su yi ta shawagi a kan Abuja suna ƙona man da aka ce ya yi tsada. Babban birnin ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, titin saukar jirgi ɗaya tal gare shi, maganar na biyu kuwa tun yaushe ake yin ta. Su waɗanda ya kamata su gyara ba su san kujerar ƙarfen nan ta ɗakin jira ba. Suna da ƙofarsu daban, da ɗakinsu mai sanyi, da jirgin haya ko na gwamnati, jiniya ta kawo su har gindin matakala. A Agustan 2024, ana tsakiyar kukan yunwa, aka shigo da sabon jirgin shugaban ƙasa, ƙirar Airbus A330. Wanda bai taɓa kwana a benci da jakarsa a ƙarƙashin kai ba, ta ina zai ji zafin abin?

Kuma kada ka ɗauka babu doka. Akwai ta, a rubuce. Ƙa'idojin NCAA sun ce in jinkiri ya kai wani lokaci a ba fasinja abin sha da abin taɓawa, in ya ƙara tsawo yana da ikon a mayar masa da kuɗinsa, in kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba a kama masa masauki a kai shi a dawo da shi. Tsakaninka da Allah, sau nawa ka ga an yi? Ɗan biskit da ruwan roba, shi ma sai an yi hayaniya. Neman a mayar maka da kuɗi kuwa wata tafiyar ce mai zaman kanta: cike fom, aika saƙo, kira a ƙi ɗauka, wata ɗaya, wata uku, har ka gaji ka bar wa Allah, kuma gajiyar taka ake jira. A ƙarshen 2024 hukumar ta sanar da cewa za ta hukunta wasu kamfanoni 5 kan irin wannan. Madalla. To daga nan me ya canja a ɗakin jira?

Amma bari fasinja ya fusata ka ga yadda doka take da haƙora. A Agustan 2025 duk ƙasar nan ta ga bidiyon wani fitaccen mawaƙi a filin jirgin Abuja ya tsaya gaban jirgi yana hana shi tafiya, abin da zai iya jawo asarar rayuka. Ya koma gidansa ya kwana. Bayan 'yan kwanaki wata fasinja da ba kowa ba ta yi rigima da ma'aikatan wani jirgi, aka jawo ta ƙasa a wulaƙance, kafin ka ce kwabo tana gidan yarin Kirikiri. Sai da jama'a suka yi caa sannan aka sake ta, mawaƙin kuma aka rage masa hukunci har ana maganar naɗa shi jakadan kiyaye ƙa'idar filin jirgi. Ba na goyon bayan dukan ma'aikaci, ko kusa. Amma hukumar da za ta iya kai mutum kotu da gidan yari a kwana ɗaya, yaya aka yi take buƙatar watanni kafin ta sa kamfani ya mayar wa mutum kuɗinsa?

Wani zai ce, to wa ya aike ku? Ku hau mota mana. A nan ne maganar take, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Mafi yawan waɗanda ka gani a ɗakin jiran nan ba don ƙawa suka zo ba, ba kuma don kuɗi sun yi musu yawa ba. Tsoro ne ya koro su. A Disamban 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kilomita 375, aka ce shekara 3 an gama. Shekara 7 bayan nan, a ƙarshen 2024, ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bai kammala ba, sai ma soke kwangilar aka yi aka nemi wani. Cikin shekarun nan mutane nawa suka mutu a wuraren da aka haɗe hannu biyu ya koma ɗaya, tirela da ƙaramar mota suna gaba da gaba? Mutane nawa suka kwana a gosulo tsakanin Jere da Tafa? Rijana da Katari kuwa, sunayen da uwa ke ji gabanta ya faɗi in ɗanta yana hanya, ba sai na tuna wa kowa abin da masu garkuwa da mutane suka yi a wurin ba.

Ka tuna Maris na 2017? An rufe filin jirgin Abuja na mako 6 don gyaran titin saukar jirgin nan guda ɗaya, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Tunda manya da baƙi 'yan ƙasar waje za su bi hanyar Kaduna zuwa Abuja da mota, nan da nan aka cike ramuka, aka jibge jami'an tsaro, hanya ta yi lafiya lau. Ashe ana iyawa! Ashe ba kuɗi ne babu ba, ba kuma sojoji da 'yan sanda ne suka yi kaɗan ba. Da aka buɗe filin Abuja manya suka koma sama, aka bar talaka da hanyarsa da 'yan bindigarsa.

Sai muka koma jirgin ƙasa, na Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016. Muka ce alhamdu lillahi. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa masa bam, aka kashe mutane, aka kwashi gommai zuwa daji, na ƙarshensu sai a Oktoba suka fito, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai Disamba. Kwana biyu kafin wannan hari 'yan bindiga sun kutsa harabar filin jirgin saman Kaduna sun kashe mai gadi. Mota ba lafiya, jirgin ƙasa ba lafiya. Gaba kura, baya siyaki. Kuma ko da yana tafiya lafiya, a Kaduna ya tsaya, mutumin Kano sai ya sauka ya nemi mota.

Saboda haka tikitin nan da muke saya, a gaskiya ba sauri muke saya ba. Kuɗin tsira da rai ne, muna biya tun kafin a kama mu. Kamfanonin kuma sun san da haka sarai. Sun san ko sun ajiye ka awa 8 mako mai zuwa za ka dawo, domin ba ka da inda za ka. A farkon 2022 da suka mayar da mafi ƙarancin tikiti Naira 50,000 aka yi ta ihu. Yau wa zai ba ka a haka? Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato ma'aikaci ya yi wata guda cur yana aiki, albashinsa bai isa ya kai shi Abuja ta sama ba, balle ya dawo da shi. Wanda ya daure ya biya kuma a wulaƙanta shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma mu daina maganar awa kamar lissafi ne kawai. Mu Musulmi ba ma ajiye gawa. Mutum yana aiki a Abuja, a buga masa waya da asuba a ce mahaifinsa ya cika a Kano, jana'iza bayan azahar. Ya ranto kuɗi, ya sayi tikiti ko nawa ne, ya ruga filin jirgi, yana lissafin minti 50 ne, zai samu sallar. Ya zauna yana kallon agogo, 'yan'uwa suna kira, ya ce a ɗan jira, a jira har la'asar, liman ya ce ba za a ƙara ba. A binne mahaifinsa yana zaune a kan kujerar ƙarfe yana sauraron dalilai na aiki. Wa zai biya shi wannan? Da wane biskit? Ga mara lafiyar da ya yi wata biyu yana jiran ranar ganin likita, ga yaron da aka kira ganawar ɗaukar aiki bayan shekaru yana zaman gida, ga waliyyin da ake jira a ɗaura aure, ga ɗalibar da jirginta na ƙasar waje zai tashi daga Abuja da dare, in ta rasa shi kuɗin da iyayenta suka sayar da fili suka tara sun tafi. Shi ya sa yanzu duk mai muhimmin abu yake tafiya tun ana gobe, ya biya kuɗin otal. Tafiyar minti 50 ta koma ta kwana biyu.

Daga Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne da wani abu, kusan ninki 10 na Kano zuwa Abuja, jirgi yana yin ta a awa 5 ko ƙasa da haka. Wato mai Umara da kuka shigo filin jirgi tare zai iya ƙetare Chadi da Sudan da Bahar Maliya, ya sauka, ya kama hanyar Makka da haraminsa, kai kana nan ba ka bar Kano ba. Kuma Kano fa ake yi wa haka. Garin da jirgin sama ya fara sauka a duk Najeriya, ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jiragen sojan saman Birtaniya guda 3 suka iso daga Masar. Tun 1936 jirage ke zuwa Kano a kai a kai ta Khartum. Kamfanin KLM ya fara sauka a nan a 1947, ya yi shekara 65 yana zuwa, sai 2012 ya tattara komatsansa. A da nan ne zangon masu ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Yau Bakano mai son jirgin Landan kai tsaye sai ya fara roƙon Allah ya kai shi Abuja a kan lokaci.

Tsakanin garuruwan Arewa kuwa abin ya fi muni. Kano zuwa Sakkwato ta sama bai kai kilomita 400 ba, Kano zuwa Maiduguri kimanin 500 ne, amma mafi yawan lokuta sai ka gangara Abuja tukuna, ka sake sayen tikiti, ka sake zaman jira, sannan ka hauro. Tikiti biyu, jinkiri biyu. Alhali gwamnoni sun zuba biliyoyi sun gina filaye, ga na Dutse, ga na Birnin Kebbi, ga na Bauchi, ga na Damaturu, wasunsu ba sa ganin jirgi sosai sai lokacin aikin Hajji ko ranar da babban baƙo zai zo. An gina wa jirgi masauki, ba a tambayi ko akwai jirgin ba. Ina kamfanin jiragen Kabo? Ina na Chanchangi? Ina Nigeria Airways da aka kafa a 1958, aka cinye shi da ransa har ya durƙushe a 2003? Aka ce za a maye gurbinsa, aka je bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila a Yulin 2018 aka nuna mana suna da tambari. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana 3 gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi ɗaya Abuja an shafa masa fentin Nigeria Air, aka yi hotuna, daga baya ta tabbata na kamfanin Habasha ne aka ɗauko haya, ya koma inda ya fito. Da idonmu aka yi mana wannan.

Mu ma fasinjoji ina da magana da mu. Haƙurin nan namu ya yi yawa, kuma ba a inda ya dace muke fusata ba. Mu zazzage wa yarinyar kanta, wadda albashinta bai kai kuɗin tikitinmu ba, mu yi ta huci, da an ce jirgi ya iso sai kowa ya ruga layi, a sauka a yi hamdala a manta. Wani ma in ka ce a rubuta ƙorafi sai ya ce maka, Malam, ai mun sauka lafiya, jinkiri alheri ne. Sauka lafiya ni'ima ce, ba mai musu, kuma mun gode wa Allah. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi ba, kuma addinin da ya koya mana haƙuri shi ya ce a cika alkawari, shi ya hana cin kuɗin mutane ba bisa haƙƙi ba. Lokacin da aka rubuta a tikiti alkawari ne, an karɓi kuɗi a kansa. A filayen jirgi akwai jami'an NCAA masu karɓar koken fasinja. Mu nemi teburinsu, mu rubuta, da lambar jirgi da lokacin da aka ce da lokacin da aka tashi. Mutum ɗari su rubuta a rana ɗaya, kullum, mu ga ko za a ci gaba da yin kamar ba a ji ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. In jirgi ba zai tashi ba sai magariba, a faɗa mini tun safe, a faɗi dalilin da sunansa, a tura mini kuɗina a ranar in na ce na fasa, kamar yadda ake cire su daga asusuna cikin daƙiƙa. Tarar da ake ci na in na makara, a ci kamfani irinta in ya makara, kuma ta shigo aljihuna, ba aljihun hukuma ba. Amma na san ba za su gyaru don Allah ba sai ranar da muke da wata hanyar. A Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 203. Haɗa da 186 na Idu zuwa Rigasa, bai kai 400 ba. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 100 a awa zai kai ka daga Kano zuwa Abuja a awa 4, daidai da abin da jirgin sama ke ci daga ƙofa zuwa ƙofa a ranarsa mafi kyau, kuma ba ruwansa da hazo ko faɗuwar rana ko tashin babban mutum. Ministan sufuri da ministan ayyuka su fito su faɗa mana rana da wata da shekarar da fasinja na farko zai hau wannan jirgi daga Kano, da ranar da za a buɗe hannu biyu na titin Kaduna zuwa Abuja daga farko har ƙarshe. Sanatocinmu da 'yan majalisarmu na Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, waɗanda ke bi ta ƙofar manya suna wuce mu a ɗakin jira, su kira su gaban majalisa su sa su faɗi ranar a bainar jama'a, mu rubuta mu ajiye.